Me Ya Sa Kwalta Ke Lotsawa A Ƙarƙashin Tirela?

Duk direban da ya saba bin manyan hanyoyin Arewa ya san irin wurin. Ana dab da shingen bincike, ko a hawan gada, ko a bakin shataletalen da manyan motoci ke rage gudu, sai titi ya sauya kama. Kwari biyu dogaye sun bi sawun taya, a gefen kowanne kwalta ta tattaru ta yi tudu, har hanyar ta koma kamar kunyoyin gona bayan huɗa. Ƙaramar mota idan ta faɗa ciki sai sitiyari ya nemi ƙwace wa direba, cikinta yana gogar tudun tsakiya. Mai babur da ya zo tsallakawa dole ya sauke ƙafafunsa biyu. Abin mamakin shi ne sau da yawa babu rami, babu tsaga, kwaltar baƙa wuluk tana ta sheƙi. Ba fashewa ta yi ba, gusawa ta yi daga inda aka shimfiɗa ta.

Idan aka tambayi masu zama a bakin hanya, amsa uku ake samu. Wani ya ce rana ce ta narkar da ita, wani ya ce ɗan kwangila ne ya yi ha'inci, wani kuma ya nuna tirelolin siminti da tankokin mai. Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Abin da bai kamata a ci gaba da yi ba shi ne cakuɗa su wuri guda, domin kowane irin lotsawa yana da musabbabinsa da siffarsa, kuma injiniyan da ya san aikinsa zai iya duba siffar ya faɗi inda laifin yake.

Abin da jama'a ke kira kwalta, akasarinsa dutse ne. A cikin kowane kilo 100 na haɗin da ake shimfiɗawa, kusan kilo 95 fasasshen dutse ne da yashi da garin dutse. Baƙin danƙon da ke riƙe su, wato bitumin, bai cika wuce kilo 5 zuwa 6 ba, kuma shi ne abin da ke saura a matatar mai bayan an kwashe fetur da kananzir da man gas. Akwai kuma abu na uku da ido ba ya gani, wato ƙananan guraben iska da ake bari da gangan a tsakanin duwatsun, kimanin kashi 4 cikin 100 na girman haɗin. Duwatsun ne ke ɗaukar nauyi, ta hanyar cije juna da kaifinsu. Bitumin yana hana su watsewa, yana kuma tare ruwa. Guraben iskar su ne ke ba bitumin wurin buɗewa idan ya ɗau zafi. A manyan hanyoyin tarayya a Najeriya an saba shimfiɗa wannan haɗi hawa biyu, na ƙasa milimita 60, na sama milimita 40, a kan fasasshen dutse, shi kuma a kan jar ƙasar da aka daɓe. Tayar tirela tana danna kowane santimita murabba'i na titi da nauyin kusan kilo 7, aikin waɗannan hawa-hawa kuwa shi ne su baza wannan nauyi ta yadda kafin ya kai ga ƙasar asali ya ragu zuwa abin da za ta iya jurewa.

Matsalar ta fara ne daga halin bitumin, domin abu ne mai fuska biyu. Babu inda aka nuna wannan a fili kamar a Jami'ar Queensland da ke Ostireliya. A shekarar 1927 wani malamin kimiyya, Thomas Parnell, ya narkar da wani baƙin danƙo ɗan'uwan bitumin ya zuba a mazurarin gilashi da aka toshe bakinsa. Ya bar shi shekara uku ya zauna, sannan a 1930 ya yanke bakin mazurarin. Wannan danƙo idan aka buge shi da guduma tarwatsewa yake yi, amma da aka ba shi lokaci sai ya fara zuba. Ɗigo na farko ya faɗo a 1938. Na tara ya faɗo a watan Afrilun 2014. Farfesa John Mainstone ya yi shekara 52 yana kula da mazurarin, ya rasu a 2013 bai taɓa ganin faɗowar ɗigo ko ɗaya da idonsa ba. Bitumin da ake zubawa a titi ya fi wancan taushi nesa ba kusa ba, amma halinsu ɗaya: idan nauyi ya zo da sauri ya wuce, yakan tsaya ƙyam ya mayar da martani, idan kuwa nauyin ya zauna a kansa, sai ya malala a hankali.

Wannan ne ya sa gudun mota ya shiga lissafi. Tayar tirela tana taɓa titi da tsawon kusan santimita 30. Idan motar tana gudun kilomita 80 a awa, kowane wuri a titin yana jin nauyinta na ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Idan tana rarrafe a kilomita 5, kamar yadda take yi a cunkoso ko a hawan tudu da cikakken lodi, lokacin ya ninka sau 16. Idan ta tsaya cak ta kwana, kamar yadda ake gani a Tafa a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna ko a Mararrabar Jos, babu ma batun kwatanci. Shi ya sa titi guda, haɗi guda, ɗan kwangila guda, za a ga kilomita ashirin lafiya lau, sai a iso wurin da motoci ke tsayawa a tarar ya lotsa. Tudun rage gudu da mutanen gari ke ginawa a tsakiyar babbar hanya don kare 'ya'yansu, da niyya mai kyau suke yi, amma kusan kullum kwaltar da ke gabansa da bayansa ita ce ke fara lalacewa.

Sai zafi. Hanyar da aka daɗe ana auna taurin bitumin mai sauƙi ce: a ɗora allura mai nauyin giram 100 a kansa na daƙiƙa 5, a zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, a ga iya nutsewarta. Wanda ake kira 60/70, wanda aka fi amfani da shi a Najeriya, allurar takan nutse milimita 6 zuwa 7 a cikinsa. Wanda ake kira 80/100 ya fi taushi. To amma digiri 25 ba zafin titin Sakkwato ba ne, ba kuma na Maiduguri ko Zinder ba ne a watan Afrilu. Idan zafin iska ya haura digiri 40, baƙar fuskar kwalta da ke shan rana tun hantsi takan wuce digiri 60, alhali bitumin 60/70 yana fara saki ne a kusa da digiri 50. Tsakanin sanyin asuba da tsakar rana, taurin shimfiɗar sama yakan ragu fiye da sau goma. Tirelar da ta wuce da asuba da wadda ta wuce bayan azahar, ko da nauyinsu ɗaya, ba titi ɗaya suka taka ba.

Duk da haka, mai cewa rana ce ta narkar da kwalta bai faɗi daidai ba. Titin unguwa da ke shan rana iri ɗaya, wanda babura da ƙananan motoci kawai ke bi, yakan shekara goma bai lotsa ba. Zafi yana sassauta danƙon ne kawai. Sai nauyi ya zo sannan duwatsu su zame wa juna.

Kuma ba a rana ɗaya abin ke faruwa ba. Duk lokacin da taya ta wuce, titin yakan ɗan nutsa, ƙasa da milimita guda, sannan ya dawo. Kusan duka yake dawowa, amma akwai ɗan mitsitsin da ba ya dawowa. Wannan ragowa ita ce ke taruwa, taya bayan taya, sau dubbai, sau miliyoyi. A ɗakin gwaji an ga tana bin mataki uku. Da farko lotsawar takan yi sauri, saboda tayoyi suna ƙarasa daɓen da rola ta fara, sannan ta lafa. Daga nan sai ta shiga dogon zango tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, kuma haɗi mai kyau a wannan zango yake ƙare rayuwarsa. Haɗi maras kyau yakan faɗa mataki na uku: guraben iska sun cike, bitumin ya rasa wurin shiga, sai ya raba duwatsun da juna, su daina cizo su koma iyo a cikinsa. Daga wannan lokaci haɗin ba ya ƙara matsewa, sai dai ya tsere gefe. Masu bincike na cibiyar nazarin hanyoyi ta Birtaniya, TRL, waɗanda suka daɗe suna aiki a ƙasashe masu zafi, sun nuna cewa da zarar iskar cikin haɗi ta sauka ƙasa da kashi 3 cikin 100, wannan haɗari ya kusa. A ma'aunin Birtaniya, kwarin da ya kai milimita 10 gargaɗi ne, wanda ya kai 20 kuwa titin ya gaza. A hanyoyinmu ana ganin wanda hannun mutum zai shige har wuyan hannu.

Nawa ne rabon nauyi a cikin wannan ɓarna? An nemi amsar da gaske a Amurka. Kusa da garin Ottawa a jihar Illinois, an gina hanyoyi shida masu zagaye, kowace da sassa masu kauri daban-daban, sannan daga watan Oktoban 1958 zuwa Nuwamban 1960 aka sa sojoji suna tuƙa motoci masu nauyi sananne a kan biyar daga cikinsu dare da rana, har kowane sashe da ya jure ya ga wucewar aksul fiye da sau miliyan ɗaya. Aksul shi ne ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu, kuma nauyin da ke kansa shi titi ke ji, ba jimillar nauyin mota ba. Gwajin, wanda aka sani da sunan AASHO, ya ci dala miliyan 27, kuma abin da ya fito daga cikinsa har yau da shi ake zana hanyoyi a duniya. Ɓarna ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi. Idan nauyin aksul ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Aka ɗauki aksul mai tan 8.2 a matsayin ma'auni, kuma a wannan lissafi wucewarsa sau ɗaya ta kai wucewar aksul ɗin ƙaramar mota kusan sau dubu goma.

An yi gwajin ne a ƙasa mai ƙanƙara, a kan ƙasa iri ɗaya, da tayoyin wancan zamani da ake yi wa iska kimanin fam 75, alhali na yau suna shan fam 100 zuwa sama. Saboda haka adadin yakan ɗan hau ko ya sauka gwargwadon irin titi da irin lalacewa. Amma babu binciken da ya zo daga baya ya rushe ainihin maganar.

A ɗauki wannan lissafi a kawo shi gida. Ƙa'idar da ƙasashen UEMOA, wato masu kuɗin sefa a yammacin Afirka, ciki har da Nijar, suka amince da ita a 2005, wadda ECOWAS ta bi sawunta a 2012, ta tsayar da tan 11.5 a kan aksul guda mai ɗaukar kaya. Aksul ɗin da aka labta wa tan 16 yana ɓarnar da ta kusa ninka ta halal sau huɗu. Mai tan 20 ya haura sau tara. Titin da aka zana ya yi shekara 20, idan motocin da ke binsa na tan 16 ne, kafin shekara shida ya cinye kwanakinsa. Ba kuma ɓoyayyen abu ba ne: buhun siminti 600 tan 30 ne, amma akwai tirelolin da ke ɗaukar 900, wato tan 45, ba tare da an ƙara musu ƙafa ba. Tankar fetur mai cin lita 60,000 tana ɗauke da kusan tan 45 na mai kaɗai, ban da nauyin ƙarfenta, kuma sai a ranar 1 ga Maris 2025 hukumar kula da harkar man fetur ta Najeriya, NMDPRA, ta hana yi wa irinta lodi. Ga wanda ya san cewa jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma shi ne ya yi shekaru yana jigilar gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku, abin takaici ne a ga yau siminti da mai da taki da hatsi da shanu duk sun dawo kan santimita goma na kwalta.

Mai mota yana da nasa uzurin. Man gas ya yi tsada, taya ta yi tsada, kuɗin da ake karɓa a hanya ba ya ƙirguwa, don haka ƙarin buhu ɗari uku shi ne ribar tafiyar. Sai dai ribar ta shiga aljihun mutum ɗaya, kuɗin gyaran titi kuwa daga aljihun kowa yake fita, kuma tayoyi da sifirin ɗin motarsa su ne na farko da lotsattsen titin ke ci.

Wannan ba ya wanke masu gina hanya. A nan ne karanta siffar kwarin ke da amfani. Idan kwarin matsattse ne, faɗinsa bai wuce na tayoyi biyu ba, ga tudu a kowane gefe, wani lokaci har ana ganin sawun kowace taya daban, to ciwon yana cikin kwaltar kanta, a santimita goman sama. Haɗin ne ya gaza. Idan kuwa kwarin mai faɗi ne, ya nutsa a hankali babu tudu a gefe, galibi da tsage-tsage a cikinsa, to ƙasan ne ya saki: ko daɓen jar ƙasa bai yi ba, ko kaurin titin bai kai ba, ko ruwa ya shiga. Don a tabbatar, ana yanka rami a gicciye a kalli hawa-hawan ta gefe, nan take za a ga wanda ya lanƙwashe da wanda ya tsaya. Bambancin ba ƙarami ba ne wajen magani. Na farko ana kankare saman ne a zuba haɗi mai kyau. Na biyu idan aka yi masa haka an zubar da kuɗi, domin damina ɗaya ko biyu sabuwar shimfiɗar za ta bi tsohuwar. Da yawa daga cikin facin da ake yi wa hanyoyinmu kowace shekara wannan kuskure ne ake maimaitawa.

Me ke sa haɗi ya gaza? Abu na farko shi ne dutse. Fasasshen dutse daga wurin fasa dutse yana da kusurwa da kaushi, yana cizon ɗan'uwansa. Yashin kogi da tsakuwar rafi ruwa ya goge su sun yi sulɓi, suna mirginawa a kan juna. Yashin kogi ya fi arha, kuma haɗin da aka cika shi da shi yana da daɗin shimfiɗawa, yana fitowa sumul, mai duba aiki da ido kawai zai yaba. Zafin bazara na farko ne ke tona asirinsa. Na biyu yawan bitumin. Jama'a sun ɗauka kwaltar da ta fi baƙi da sheƙi ita ce mai kyau, alhali ƙarin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan abin da ya dace ya isa ya cike guraben iska. Titin da ke tsattsafo da baƙin mai a fuskarsa da rana, har yana kama takalmi, alamar hakan ce. Na uku daɓe. Haɗin yana fitowa daga injin dafawa da zafin digiri 150 zuwa sama, kuma dole rola ta gama aikinta kafin ya sauka ƙasa da kimanin 80 zuwa 90. Tifar da ta yi doguwar tafiya babu tamfol, ko ta yi awanni tana jiran layi, ta kawo haɗin da ba zai daɓu ba, sai tayoyin tirela su ƙarasa daɓen a sawunsu kawai.

Akwai kuma gazawar gwajin kansa. Hanyar tsara haɗi da aka fi bi a Najeriya da maƙwabtanta ita ce ta Bruce Marshall, injiniyan ma'aikatar hanyoyi ta jihar Mississippi, wanda ya ƙirƙiro ta a 1939, sojojin Amurka kuma suka inganta ta lokacin yaƙin duniya na biyu don gina filayen jiragen sama. Ana zuba haɗin a wani ƙaramin gwangwani mai faɗin santimita 10, a saki guduma mai kilo 4.5 a kansa sau 75 ta kowace fuska, a jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 60, sannan a matse shi a ga nauyin da zai ɗauka da yadda zai lanƙwashe. Gwaji ne mai sauƙi da arha, ya kuma yi wa duniya aiki. Amma bugu 75 ba ya kwaikwayon abin da tireloli masu obalodi ke yi wa titi a hawan tudu cikin zafin Afrilu. Shi ya sa TRL ta ba da shawarar cewa a irin waɗannan wurare a ci gaba da daɓe samfurin har sai ya ƙi matsuwa, kuma ko a nan a tabbatar iska kashi 3 ta saura. A birnin Hamburg na Jamus kuwa sun ƙera na'urar da ke gurza ƙafar ƙarfe a kan samfurin sau 20,000 a cikin ruwa mai digiri 50, a auna zurfin kwarin kai tsaye.

Mai karatu zai iya cewa, to a rage bitumin ɗin mana, a kuma sa mai tauri. A nan ne aikin ya zama na gwaninta, domin titi yana da ciwo na biyu da ke jira a ɗaya ɓangaren. Duk nutsawar da shimfiɗa ke yi a ƙarƙashin taya, ƙasanta yana ɗan miƙewa. Haɗin da bitumin ya yi masa kaɗan, ko wanda ya yi tauri da yawa, ba ya jure wannan lanƙwasa da miƙewa sau miliyoyi, sai ya tsage daga ƙasa zuwa sama, tsagar ta yaɗu ta zama irin wadda injiniyoyi ke kira fatar kada. A ƙasashe masu zafi rana da iska suna kuma busar da bitumin ɗin fuska cikin 'yan shekaru, ya yi ƙamas, tsaga ta fara daga sama. Da zarar an samu tsaga, ruwan Agusta ya samu ƙofa. Yakan ɓare bitumin daga jikin dutse, musamman dutsen giranit da aka fi fasawa a Arewa, sannan ya jiƙa jar ƙasar da ke ƙasa. Taya ta zo ta matsa, ruwan ya fito da laka, rami ya buɗe. A yankunan baƙar laka irin ta gabashin Borno da kewayen Numan, ƙasar kanta tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ta ɗaga titin ta sauke. Ga kuma man gas da ke ɗiga daga motocin da suka lalace ko ake gyarawa a kan hanya: shi da bitumin uwa ɗaya ta haife su, yana narkar da shi, shi ya sa duk inda tirela ta kwana tana yoyo sai wurin ya ruɓe.

Wasu ƙasashe sun sha irin wannan wahala sun nemo mafita. Lokacin da lotsawa ta addabi manyan hanyoyin Amurka, sun kashe dala miliyan 150 tsakanin 1987 da 1993 a wani shirin bincike, daga ciki aka samu tsarin Superpave, wanda ke zaɓen bitumin bisa ainihin zafi da sanyin da titin zai gani a wurin da za a gina shi. Bitumin mai lamba PG 76, alal misali, an gwada shi ya jure zafin titi har digiri 76, kuma galibi sai an gauraya shi da wani nau'in roba kafin ya kai haka. Irinsa ƙasashen Larabawa masu zafi ke zubawa a manyan hanyoyinsu. Jamusawa tun ƙarshen shekarun 1960 suka fito da haɗin da manyan duwatsu ke zaune kai tsaye a kan juna, turmin bitumin da garin dutse da zare yana cike tsakaninsu. Faransawa sun bi ta wata hanyar a shekarun 1980, suka yi amfani da bitumin mai tsananin tauri amma da yawa, a shimfiɗar ƙasa, kuma Afirka ta Kudu ta ɗauki dabarar ta gwada a hanyar shiga tashar jiragen ruwa ta Durban, inda manyan motoci ke rarrafe. 'Yar farar ƙasa da aka jiƙa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, tana taimaka wa bitumin ya riƙe dutse ko ruwa ya shiga. Duk waɗannan sun fi haɗin yau da kullum tsada, amma ba dole ne a zuba su a dukan tsawon hanya ba. Wuraren da ke lotsawa sanannu ne tun kafin a fara aiki: mahaɗa, hawan tudu, bakin kasuwa, shingen bincike, tashar manyan motoci.

A Najeriya muhawarar ta karkata ne zuwa kankare, musamman tun da David Umahi ya zama ministan ayyuka a 2023 ya tsaya kai da fata a kan gina hanyoyi da siminti. Akwai hujja a bayansa. Kankare ba ya saki saboda zafi, man gas ba ya narkar da shi, ƙasar kuma tana yin simintinta alhali akasarin bitumin shigo da shi ake yi, duk da tarin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa a jihar Ondo da maƙwabtanta. Hanyar Obajana zuwa Kabba mai kilomita 43 da hanyoyin tashar Apapa sun nuna amfaninsa a inda nauyi ya yi yawa gudu ya yi kaɗan. Sai dai kankare ma yana da nasa sharuɗɗan. Yana buƙatar ƙasa daɓaɓɓiya, da mahaɗai da aka toshe da kyau, da ban ruwa na kwanaki bayan zubawa, kuma obalodi yana karya shi kamar yadda yake lotsa kwalta, gyaransa kuwa ya fi wuya ya fi tsada. Sauya abin shimfiɗa ba zai sauya lissafin da aka gano a Illinois ba.

Saboda haka abin da ya fi gaggawa bai kai gina sabuwar hanya tsada ba. Ma'aikatar ayyuka da hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, da gwamnatocin jihohi su sa sikelin auna manyan motoci ya yi aiki, musamman a ƙofar masana'antun siminti, da defo-defon mai, da tashoshin jiragen ruwa, da manyan kasuwannin hatsi, inda lodin ke farawa, kuma motar da ta wuce ƙa'ida a sauke mata kaya maimakon a karɓi tara a sake ta. A gina wa direbobi wuraren tsayawa na kankare a gefen hanya, su daina kwana a kan kwalta. A yashe lambatu kafin damina. Kafin a biya ɗan kwangila kuɗin shimfiɗa, a huda titin a ciro samfuri a auna kaurinsa da bitumin da iskar da ke cikinsa, a kuma buga sakamakon jama'a su gani. Duk inda titi ya lotsa, a yanka a duba hawan da ya gaza kafin a ba da kwangilar faci.